TSATSA A TUFAFIN WANKI: MAFARINTA DA MAGANINTA

 

Darasinmu na wannan fitowa a kan wanki yake. Wani zai ce: me ya haɗa malamin gona da wanki? Ruwa ne ya haɗa mu. Ruwan da uwargida take wanki da shi, shi muke sha, shi dabbobinmu suke sha, shi ne kuma muke zuba wa garka da rani. In ya ɓata riga, to, yana gaya mana wani abu ne game da rijiyarmu ko pamponmu, ya kamata mu saurara.

Ga kukan da ake yi, a nan Birnin Lalle da sauran garuruwan ƙasar Dakoro. Mace ta wanke farar riga tas, ta ɗauraye, ta shanya. Da rigar ta bushe sai ga ɗigo-ɗigo ja, kamar an tofa mata goro. Wani lokaci kuwa babu ɗigo, farin ne duka ya koma ruwan ƙasa, kuma kowane wanki ƙara rinewa yake. Maigida ya ce ganganci ne. Uwargida ta ce sabulu ne. A sake sabulu, a ƙara zabel, abu sai gaba yake yi. Rigar da aka sayar da wake ko ɗan akuya aka ɗinka domin salla ta koma rigar zuwa gona, ga kuma ɓacin rai a cikin gida. Alhali sau da yawa hannu bai yi laifi ba, sabulu ma bai yi ba. Tsatsa ce.

MECE CE TSATSA?

Kowane manomi ya san ta. Ka mance hauya ko gatari a waje da damina, bayan kwana kaɗan ka tarar ƙarfen ya yi ja. Abu uku ne ke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe, ruwa da iska. A cikin iska akwai wani sashi da ake kira oksijan. Shi muke shaƙa mu rayu, shi ne kuma ke cin ƙarfe in ya same shi da danshi.

Tsatsa ta bambanta da sauran dauɗa. Maiƙo da gumi, sabulu yana kwance su, su bi ruwa. Ita kuwa gari ce mai laushi ƙwarai, ba ta narkewa cikin ruwa, ba ta jin sabulu. Tana shiga tsakanin zare ta maƙale. Shi ya sa ko wuni aka yi ana cuɗa, hannu ne zai gaji, yadi ya mutu, tabo yana nan daram.

TA INA TAKE SHIGA WANKI?

Ƙofa uku gare ta.

Ƙofa ta farko: ƙasa kanta.

Ƙasarmu tana da ƙarfe. Marmara da jar tsakuwa da ake zuba wa hanya, ƙarfe ne ya ba su launi. Daga irin wannan dutse, wato tama, maƙeran da suke fitar da ƙarfen hauya da na mashi, tun zamanin da sarakunan Gobir ke zaune a Birnin Lalle.

Ruwan da foraji ke kawo mana yana kwance ne can ƙasa, cikin shimfiɗun dutsen rairayi da masana ke kira Continental intercalaire da Continental hamadien. A wuri mai zurfi haka, iska takan yi ƙaranci. Ruwan da ba iska a cikinsa yana iya narkar da ƙarfe ya taho da shi, kamar yadda yake ɗaukar gishiri, ido ba ya gani. Shi ya sa yake fitowa daga pampo garau. Amma da zarar ya sha iska, ƙarfen sai ya juya tsatsa. Ruwa ya fara gurɓacewa, ya yi ruwan ɗorawa, ya yi ja, daga baya jar laka ta kwanta a gindin bokiti. In tufa tana cikin ruwan sa'ad da ake wannan juyi, a kanta tsatsar za ta kwanta. Cuɗa da kumfa suna ƙara sa wa ruwa iska, sabulu kuma yana gaggauta juyin. Ke nan, cikin daron wanki ne ake haihuwar tabon.

Ba sai ƙarfe mai yawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce in ƙarfe ya wuce miligiram 0,3 cikin litir 1, yana iya ɓata tufafi. Ku yi lissafi: a tonno mai cin litir 200, miligiram 60 ke nan, kusan nauyin ƙwayar hatsi shida ko bakwai. Ɗan wannan ya isa. Ƙarfe kuma yana da wani ɗan'uwa da sukan taho tare, sunansa manganez. Shi tun daga miligiram 0,1 cikin litir yake ɓata wanki, tabonsa kuwa baƙi-baƙi ne.

Ba kowane ruwa ne ke da wannan hali ba. Gari biyu suna maƙwabtaka, ruwan wannan ya ɓata riga, na wancan bai ɓata ba. Rijiyar siminti mai buɗaɗɗen baki, irin waɗanda ma'aikatar OFEDES, da aka kafa a 1963, ta gina da yawa a karkara, ruwanta yana shan iska tun yana ciki, wasaki kuma yana motsa shi kullum. Saboda haka ƙarfen yakan kwanta can gindi kafin a jawo. Foraji a rufe yake, shi ya sa aka fi jin kuka daga wajensa.

Ƙofa ta biyu: tiyon pampo.

Tsakanin 1981 da 1990, shekaru goma da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin ruwan sha, an haƙa foraji da yawa a Afirka ta Yamma, aka sa musu pampon hannu ko na ƙafa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa shi ne India Mark II, da aka ƙirƙiro a ƙasar Indiya cikin shekarun 1970 da taimakon UNICEF. Pampo ne mai ƙwari, amma tiyon da aka saba sa masa na ƙarfe ne da aka shafe da tutiya, wato galbanize. In ruwa yana da ɗan tsami, sai ya cinye tutiyar, ya kama ƙarfen da ke ƙarƙashi.

Masana suna auna tsamin ruwa da wani ma'auni da ake kira pH. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, abin da ya gaza haka yana da tsami, ko da harshe bai ji ba. Wani masanin ruwa, Otto Langenegger, ya bi pampuna a ƙasashen Afirka ta Yamma yana aunawa. Cikin rahotonsa na 1994 ya nuna cewa jan ruwan da ake gani a pampuna da yawa daga tiyo yake fitowa, ya kuma ba da shawarar kada a sa galbanize inda pH bai kai 6,5 ba. A 2016 gwamnatin Uganda ta dakatar da sa irin wannan tiyo a pampunan karkararta. Pampon ƙafa na Vergnet, wanda muka sani a nan Nijar, tiyonsa na roba ne, ba ya tsatsa. Amma tankin shato na ƙarfe da tsofaffin tiyon da ke kai ruwa unguwa suna iya yi.

Ƙofa ta uku: kayan gida.

Wannan ita aka fi mantawa da ita, alhali ita ta fi sauƙin rufewa. Ku duba:

– tonnon ƙarfe da ake ɗora wa amalanke ana ɗebo ruwa, ko wanda ruwa ke kwana ciki;
– daro ko bokitin ƙarfe da fentinsa ya ɓaɓɓare;
– wayar shanya, da ƙusar da ake rataya riga;
– kwanon rufi da ya tsufa, yana ɗiga da damina;
– akwatin ƙarfe da ake ajiye kayan salla;
– dutsen guga mai gawayi da gindinsa ya yi tsatsa;
– anini na ƙarfe, zip, fil, da kuɗin ƙarfe ko ƙusa da aka manta cikin aljihu.

Ko maganin ƙarin jini na ruwa da ake ba yara, ko ƙwayarsa da ake ba mata masu ciki a likita, in ta narke cikin aljihu, tana barin tabo iri ɗaya, domin ƙarfe ne a cikinta. Wannan ba dalilin ƙin magani ba ne, a dai lura da wurin ajiya.

YAYA ZA A GANE MAI LAIFI?

Kafin a nemi magani, a san cuta. Ga gwaji huɗu, ba wanda ke cin kuɗi.

1. Ku dubi siffar tabon. Dogon layi miƙaƙƙe, waya ce. Ɗan zagaye kusa da anini ko aljihu, ƙarfen rigar ne. Tabo a kan ninki ko a gefen da ya taɓa bangon akwati, akwati ne. Tabo mai faɗi da ya fito bayan guga, dutsen guga ne. In farin duka ne ya dushe, to, ruwa ne.

2. Gwajin kwalba. Ku tara ruwa cikin farar kwalba daga bakin pampo, ku bar ta a buɗe har gobe. In ruwan da ya fito garau ya kwana ya yi ja, ko jar laka ta kwanta, akwai ƙarfe. Ku yi haka kuma da ruwan tonnonku. In na pampo ya tsaya garau, na tonno ya yi ja, kun kama ɓarawo a gida.

3. Gwajin asuba. Ku tara bokitin farko da safe, kafin kowa ya taɓa pampo. Ku tara wani da hantsi, bayan mata sun daɗe suna ɗiba. Ku ajiye su su kwana. In na asuba ya yi ja ƙwarai, na hantsi kuwa ya yi sauƙi, tiyo ne ke tsatsa, domin ruwan da ya kwana cikinsa ne ya ɗauko ta. In duka biyun sun yi ja daidai da juna, daga ƙasa ƙarfen yake.

4. Gwajin bagaruwa. Ku daka ɗiyan bagaruwa kaɗan, ku jiƙa, ku tace. Ku ɗiga cikin kofin ruwan da kuke zargi. In ƙarfe yana da yawa, ruwan zai yi duhu kamar tawada. Wannan sanin dukawa ne: da ruwan ƙarfe suke baƙanta fatar da aka jeme da bagaruwa. Shi ne kuma dalilin da shayi ke yin baƙi a wasu garuruwa.

Wani lokaci za ku ga jan yauƙi a bakin pampo ko cikin tanki, ko wani ɓawo mai ƙyalli a saman ruwa kamar an zuba mai. Ku taɓa shi da tsinke. In ya farfashe bai sake haɗewa ba, ba mai ba ne, aikin wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ke rayuwa da ƙarfe. Alama ce tanki yana son wanki.

BA KOWANE JA NE TSATSA BA

Goro, lalle, jini, manja da jar ƙasa duk suna barin tabo mai kama da tsatsa, kowane kuma da nasa magani. Jini, ruwan sanyi da sabulu, nan take, kada a sa ruwan zafi domin dafa shi yake cikin zare. Manja, sabulu da rana. Jar ƙasa, a bari ta bushe, a kakkaɓe, sannan a jiƙa. Abin da ya rage bayan haka dangin tsatsa ne, a yi masa maganinta. Goro da lalle, a gaggauta wankewa tun suna ɗanye. Alamar tsatsa ita ce: sabulu bai motsa ta ba, zabel kuwa ya ƙara mata ƙarfi.

ABU HUƊU DA BA A YI

Na ɗaya, zabel. Sunansa daga Javel ya fito, wanda a wancan lokaci ƙauye ne kusa da Paris, inda aka fara yin sa a ƙarshen ƙarni na 18. Yana da kyau wajen kashe ƙwayoyin cuta da fitar da wasu tabo. Amma ga ƙarfe, aikin da iska ke yi a hankali shi yake yi nan take. In kin zuba shi cikin ruwa mai ƙarfe, duk ƙarfen zai juya tsatsa ya kwanta a kan riga. In kin zuba shi a kan tabon tsatsa, kin ƙara kafa shi.

Na biyu, wuta. Kada a goge tufa mai tsatsa, kada a dafa ta da sabulu. Zafi yana ƙara manna tabon. A fitar da shi tukuna, sannan a yi guga.

Na uku, kanwa da toka. Suna taimaka wa sabulu a kan maiƙo, amma su abokan gāba ne na tsami, tsatsa kuwa tsami kaɗai take ji. Shuni kuma rufe ɗorawa yake na ɗan lokaci, ba ya cire komai.

Na huɗu, ruwan batir. Gaskiya yana cin tsatsa, amma yana cin yadi, yana cin fata, yana makantar da ido. Kada ya kusanci wanki.

Ga babban gargaɗi, iyayen gida ku riƙe shi da kyau: kada a taɓa haɗa zabel da lemun tsami ko binegir. In suka haɗu, wata iska mai guba take tashi, ana kiranta kilor. Da ita aka yi yaƙi a Turai a 1915. Tana ƙone ido da huhu, a ɗaki rufaffe tana iya kisa. In an riga an sa wa tufa zabel, a ɗauraye ta sau uku da ruwa mai yawa kafin tsami ya taɓa ta.

YADDA AKE FITAR DA TABO

Tsami yana narkar da tsatsa, ya riƙe ƙarfen, har ruwa ya iya tafiya da shi. Wannan shi ne asirin duka.

Hanya ta farko: lemun tsami, gishiri da rana.

1. Ki shimfiɗa tufar a kan tabarma ko roba mai tsabta, ba a kan ƙarfe ba. Ki sa tsumma fari a ƙarƙashin tabon.
2. Ki matsa lemun tsami har wurin ya jiƙe sharkaf.
3. Ki barbaɗa farin gishirin miya. Banda kantu da manda na dabbobi, domin suna da ƙasa da kanwa.
4. Ki bar ta a rana awa 1 zuwa 2. In wurin ya fara bushewa ki ƙara lemu.
5. Ki ɗauraye da ruwan da ba ƙarfe, sosai da sosai. Bayan haka ne za ki sa sabulu. In kin sa sabulu tun farko, zai kashe tsamin.
6. In tabo ya rage bai tafi duka ba, ki maimaita, har sau uku.

Hanya ta biyu: tururi. In tabon ya daɗe, ki tafasa ruwa a tukunya, ki miƙe wurin tabon a bakin tukunyar, ki riƙa ɗiga lemu sannu-sannu tururi yana ratsa shi. Ɗumi yana sa tsami saurin aiki. Da tabo ya dushe, ki ɗauraye nan take. Ki kula da hannunki, yara kuma su yi nisa.

Hanya ta uku: jiƙo. In rigar duka ce ta rine, ki zuba farin binegir kofi 1 cikin ruwa litir 4, a daron roba, ki ƙara ruwan lemu in akwai. Ki nutsar da rigar ta kwana, da safe ki ɗauraye, ki wanke. Binegir bai kai lemu ƙarfi ba, saboda haka a yi haƙuri da shi. Tsamiya ma tana cin tsatsa, amma tana da nata launi. A bar ta wajen wanke gindin dutsen guga da kayan ƙarfe, kada a sa ta ga farar tufa.

Hanya ta huɗu: maganin kanti. Akwai wani farin gari mai kama da gishiri, Faransawa suna ce masa sel d'oseille, wato gishirin yakuwa. Shi ya fi duka ƙarfi. Cokali 3 na miya cikin ruwan ɗumi litir 1, a daron roba, a jiƙa wurin tabon ƴan mintoci, a ɗauraye sau da yawa. Amma guba ne. A sa leda ko safar roba a hannu, kada ya taɓa ido, kada a ajiye shi cikin kwanon abinci ko kwalbar lemu, kada a bar shi inda yaro zai kai. Ruwan da aka yi aiki da shi a zuba cikin rami a rufe, nesa da rijiya da wurin shan dabbobi. Ƴan kwalaben cire tsatsa da ake sayarwa a birni, wasunsu sun fi wannan haɗari. Wanda bai iya karanta abin da aka rubuta a jikinsu ba, ya tsaya ga lemu.

Ku lura da abu biyu. Tsamin da aka bari cikin yadi yana cin auduga, musamman in an yi guga a kai. Ɗauraya rabin aiki ce. Sannan atamfa, shadda mai rini da duk tufa mai launi, a fara gwadawa a bakin ɗinki ta ciki, a yi aikin a inuwa, domin lemu da rana suna iya ɗauke launi. Turkuɗi da kayan baba kuwa, a mayar da su ga marina.

Tabon da ya shekara, aka sa masa zabel, aka yi ta guga a kansa, yana iya ƙin fita. Wani lokaci ma tsatsar ta riga ta ci zaren, wurin zai huje. In haka ne, kada a yi ta ɓarnar lemu. A kai rigar a rina ta baƙi ko shuɗi, ta ci gaba da amfani.

RIGA-KAFI YA FI MAGANI

Tun da iska ce ke juya ƙarfe tsatsa, sai mu sa ta yi aikinta kafin tufa ta shiga ruwa.

1. A ɗebo ruwan wanki tun jiya. A sheƙa shi daga bokiti zuwa bokiti, daga sama, kamar sau goma, yadda ake shiƙar hatsi. Ko a zuba shi ta cikin ƙwarya mai huji-huji ya sauko kamar ruwan sama.
2. A zuba cikin randa ko tonnon roba, a rufe baki da tsumma, ya kwana. Wani ruwan sai ya kwana biyu.
3. Da safe a ɗebi na sama a hankali, a tace da farin ƙyalle ninki huɗu. Lakar gindi a zuba wa itace, a wanke randar.
4. In lakar ta ƙi kwantawa, a ɓare ɗiyan zogale busassu, ƙwaya 10 ga bido mai litir 20, a daka lukui, a dama da ruwa kaɗan, a zuba, a juya da kyau, a bari awa 1 zuwa 2. Ruwan da aka sa wa zogale a yi amfani da shi ran nan, domin in ya daɗe yana wari. Ɗan lalam ma yana wannan aiki.

Gidan da ke da yawan wanki yana iya yin matata. A sami tulu babba ko bido, a huda gindi. A zuba tsakuwa santimita 10, gawayi dakakke santimita 10, sannan farin rairayi wankakke santimita 30. Ruwan da ya riga ya sha iska ake zubawa. In saman rairayin ya yi ja, ruwa ya daina sauka da sauri, a kwashe saman a wanke a mayar.

Ruwan sama ba shi da ƙarfe, kuma ya fi kowane ruwa kumfa. Da damina a tara shi domin fararen kaya, amma a bar na farko ya wanke kwanon rufi ya wuce.

Sauran kuwa ƙananan gyare-gyare ne. Igiyar roba ko ta kaba maimakon waya. Turken itace maimakon ƙusa. A laluba aljihu kafin wanki. Kada jiƙaƙƙiyar tufa ta kwana cikin daron ƙarfe. A shimfiɗa leda da tsohon zane cikin akwati, kuma kada a sa tufa sai ta bushe ƙayau. A goge gindin dutsen guga da rairayi mai laushi da tsamiya, a shanya shi, a gwada a kan tsumma kafin ya hau riga.

Maza, ga naku. In za ku sake tonno, ku nemi na roba wanda abinci ko abin sha ya zauna ciki. Tonno ko bidon da ya taɓa ɗaukar maganin fara ko na ƙwarin wake, ko sau nawa aka wanke shi, bai dace da ruwa ba. Kada a gudu daga tsatsa a faɗa wa guba.

ABIN DA YA FI ƘARFIN GIDA ƊAYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In gwajin asuba ya nuna tiyo ne, maganar ta kwamitin kula da ruwa ce. Su sanar da mai gyaran pampo da hukumar komin, a kai magana ma'aikatar ruwa a Dakoro, a auna ruwan. In tiyo ya ruɓe, a nemi na roba ko na inokis. Mayar da sabon galbanize cikin ruwa mai tsami zubar da kuɗin asusu ne, domin shi ma haka zai ƙare. Tiyon da ke zubar da tsatsa yau, gobe hujewa zai yi, ko ya tsinke ya faɗa cikin foraji. Jan tabo a riga sallama ce pampo yake yi kafin ya mutu.

In kuwa daga ƙasa ne, akwai ƙananan matatun siminti da ake ginawa a bakin pampo. Ruwa ya sha iska, ya kwanta, ya ratsa tsakuwa da rairayi, ya fito fari. Cibiyar CREPA ta Wagadugu, da aka kafa a 1988, ta ƙera irinsu domin ƙauyukan yankinmu. Ba su cin mai, ba su cin magani, amma suna son wanki a kan kari. In ba a ɗora wa wani alhakin wanke su ba, toshewa suke yi.

SHIN RUWAN NAN YANA CUTARWA?

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci. Ƙarfen da ke ɓata riga, a yawan da aka saba samu, ba ya cutar da mai sha. Jikinmu ma yana bukatar ƙarfe domin yin jini. Abin da yake ɓatawa shi ne ɗanɗano, da launin tuwo da shayi, da tufafi.

Haɗarin yana wani wuri. In mata suka gaji da jan ruwa, sai su bar pampo su koma tabki. Daga wanki a koma ɗebo na sha. A tabki kuwa zawo yake, da tsargiya mai sa yara fitsarin jini. Dattawa sun tuna yadda kurkunu ke kwantar da manomi tsakiyar damina. Sai a 2013 OMS ta tabbatar Nijar ta rabu da shi, bayan wahala mai yawa. Ruwan foraji mai ɗan ja, in an kwantar da shi an tace, ya fi ruwan tabki nesa ba kusa ba. Ƙwayar tsabtace ruwan sha da ma'aikatan lafiya ke rabawa, ku ci gaba da sa ta. In ruwan ya yi ja bayan an sa, ƙarfe ne ya fito, a bari ya kwanta a tace.

Kuma ido ba ya auna ruwa. A Tibirin Gobir, ruwan wani foraji mai zurfi da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 garau yake, amma yana da sinadarin fliyor fiye da kima, ya ɓata haƙora da ƙasusuwan yara da yawa kafin a gane. Saboda haka duk garin da ya ga ruwansa ya sake launi, ko ɗanɗano, ko wari, ya nemi a auna masa. Garin da bai ga komai ba ma, aunawa ba ta ɓaci.

ABIN DA ZA MU RIƘE

– Tsatsa ba ta jin sabulu, tsami take ji.
– Zabel da guga suna kafa ta.
– Zabel da tsami ba su haɗuwa, har abada.
– Ruwan wanki ya sha iska, ya kwana, sannan tufa ta shiga.
– Jan ruwa a pampo, a gaya wa kwamiti, kada a koma tabki.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ƙungiyoyin mata da masu sauraron rediyo, ku yi gwajin kwalba da na asuba a garuruwanku, ku aiko mana da abin da kuka gani, da sunan gari da irin pampon, domin mu tattauna a shirinmu na gaba. Maigida, kafin ka yi faɗa a kan riga, ka leƙa cikin tonnonka.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Malamin gona, Birnin Lalle